Ƙafar Mai Lamba Tara

Shekarata ta biyu ke nan ina koyarwa a Dungas lokacin da abin ya faru. Babban farin nan da ya ƙarar da shanun mutane ya wuce, an samu damina mai albarka, jama'a sun fara dawowa cikin hayyacinsu. Ni saurayi ne a lokacin, ban ajiye iyali ba. In an tashi daga lakwal, wato makaranta, da la'asar sai mu taru a filin bayan kasuwa mu buga balo har rana ta yi ja. Ni ne mai tsaron gida. Tun muna makaranta a Damagaram aka ga ina da tsawo da manyan hannuwa, aka ajiye ni tsakanin turaku, ban sake fita daga nan ba.

Ran Lahadi kuwa ƙofar malamin asibiti muke zama, don shi ne mai rediyon da ke kamo nesa. A nan muke jin yadda manyan ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ke neman kofi tsakaninsu, wannan ta je gidan waccan, bayan mako biyu waccan ta zo gidan wannan. Akwai wani tsohon soja da ba ya rasa zaman. Ya yi aiki a Dakar zamanin Nasara, ya dawo da kunne ɗaya da ba ya ji sosai da kuma son ƙwallo kamar ciwo. Shi ke horar da mu, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Yakan ba mu labarin kofin da ake yi a wancan zamani tsakanin ƙungiyoyin ƙasashen da ke hannun Faransa, yadda 'yan wasa ke kwana da kwanaki cikin jirgin ƙasa da na ruwa kafin su isa, su sauko ƙafafu a kumbure su shiga fili. Wata Lahadi, bayan an rufe rediyo, ya ce shi bai ga abin da zai sa mu zauna muna saurarar na wasu ba, alhali wata ƙasar tana nan kudu da mu, tafiyar wuni guda a kan jaki.

Mun ɗauka zance ne. Ashe har ya je Magarya ya ga kumanda, mai mulkin yankinmu, ya samo takarda, ya hau kekensa ya tsallaka iyaka. Sau uku yana zuwa yana dawowa. A ƙarshe aka daidaita a kan ƙungiya huɗu: mu, da Magarya, da garuruwa biyu na Najeriya. Ba zan ambaci sunayensu ba, mutanensu sun san kansu. An sha gardama kafin a shirya. Su suna da takalman ƙwallo masu haƙora, mu rabinmu ƙafa ba takalmi. Su suna kiran komai da Ingilishi, mu da Faransanci, har sai da aka koma Hausa tsantsa sannan aka gane ashe doka ɗaya muke nufi. Aka ce baƙi ne za su riƙa zuwa da alƙalin wasa, don kada mai gida ya haɗa fili da usur a hannunsa.

Mun fitar da ƙaramin garin da ƙyar. Babban garin kuma ya fitar da Magarya ba wuya. Sai ya zama mu da su ne a ƙarshe, karo biyu, na farko a wajenmu. Da yake filinmu duk rairayi ne da ƙaya, kumanda ya ce a yi a Magarya, gabansa.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Mutane sun zo daga Ɗancawo da Dogo-Dogo da ƙauyukan da ban san sunansu ba, wasu a ƙafa wasu a kan jakuna, an ɗaure dabbobi a gindin itatuwa kamar ranar kasuwa. Baƙin sun zo da manyan motoci biyu, ɗaya ta 'yan wasa ɗaya ta makaɗa da magoya baya. Da suka sauko cikin rigunansu kore iri ɗaya, da lambobi a baya, sai namu suka zama kamar tsummokara.

Tun kafin a fara aka nuna mini mai lamba tara, aka ce shi ne ya zuba wa Magarya uku. Siriri ne, bai kai ni tsawo ba, yana tafiya kamar ba ya son taka ƙasa. Ba a yi nisa ba ya nuna mini ko shi wane ne. Ya yanke mutum biyu, na fito, ya yi kamar zai buga, na zube, ya kewaye ni a hankali ya tura balo tsakanin turaku da dunduniya. Da zai koma ya dafa kaina yana dariya, ya ce in tashi, ƙasar ba tabarma ba ce. Ɗalibaina suna nan bakin layi, daraktan lakwal yana nan, kumanda yana kan kujera. Na ji zafin wannan dafawar fiye da ƙwallon.

Mun rama kafin a tafi hutu. Bayan an dawo wasa ya yi zafi, ana ta faɗuwa ana tashi. Saura kaɗan a tashi sai aka jefo masa wata doguwa ta bayan masu tsaronmu. Ya taho shi kaɗai, balo na gabansa kamar an ɗaure da zare. Na fito da gudu. Na tuna sarai abin da ke raina: wannan karon ba zai kewaye ni ba. Na runtse ido na wurga jikina gaba ɗaya, gwiwoyi a gaba.

Ƙarar da na ji irin ta busasshen karan dawa ce in an taka shi. Da na buɗe ido yana kwance a gefena, bai yi ihu ba, bakinsa a buɗe kawai, yana kallon ƙafarsa ta dama da ta lanƙwashe a inda ba gaɓa.

Abin da ya biyo baya a guntu-guntu nake tuna shi. Mutanensu sun cika fili. Wani ya shaƙe ni da wuyan riga, wani ya ɓamɓare shi. Jandarmomi suka shiga tsakani da bulala. Malamin asibitinmu ya durƙusa zai duba ƙafar, suka ture shi, suka ce ba wanda zai sake taɓa musu ɗan'uwa a wannan ƙasa. Suka cire ƙyauren bayan motarsu suka ɗora shi a kai. A lokacin ne ya fara kuka, da aka ɗaga shi. Motocin suka tashi ana jifa daga sama ana ramawa daga ƙasa. Ba a ƙarasa wasan ba, aka bar shi ɗaya da ɗaya.

Saura mako biyu mu je wajensu.

Labari ya fara zuwa ta bakin 'yan kasuwa masu tsallakawa da wake da gyaɗa. Yau a ce ƙafar ta ruɓe za a yanke, gobe a ce ai ya mutu an ɓoye ne, jibi a ce ƙarya ne yana nan wajen maɗori. Abu ɗaya ne duk suka haɗu a kai: gidan mahauta ne, yana da yayye maza huɗu, kuma sun ce dogon golan nan na Faransa, haka suke kiranmu, in ya taka garinsu da ƙafa biyu da ɗaya zai koma. Wani mai jakuna daga Dogo-Dogo ya ce an tare shi a kasuwarsu an tambaye shi ko ya san ni, da ya ce a'a aka zubar masa da kaya duk da haka.

A aji nakan tsaya da alli a hannu in manta abin da zan rubuta. Abinci ya daina shiga. In na ji an karya itacen wuta a maƙwabta sai in tuna ƙarar ƙafar nan.

Ƙungiya ta rabu biyu. Kaftin ɗinmu, wani maƙeri mai zafin kai, ya ce tsautsayi ne, ko a rediyo muna ji ana karya ƙafa, a je a buga, wanda ya taɓa mu mu taɓa shi. Wasu suka ce suna da mata da 'ya'ya, kofin tagulla bai kai a mutu a kansa ba. Kumanda ya kira ni da tsohon soja ofishinsa. Ya bar mu a tsaye ya gama karanta takardunsa, sannan ya ce mu sani ba shi da ikon tura ko jandarma ɗaya ya wuce iyaka, in mun tsallaka muna hannun Allah da hukumar can. Ya ƙara da cewa shi dai ba zai so a ce 'yan yankinsa sun karya ƙafar baƙo sun kuma ɓuya a ɗaki ba. Bai ce mu je ba, bai ce kada mu je ba. Ya sallame mu.

A hanya na ce wa tsohon ko su tafi ba ni, a sa wani a gida. Ya tsaya ya jingine kekensa. Ya ce a wasannin da ya sani, na zamanin Nasara da na yanzu, ba rashin nasara ke kashe kofi ba, ƙin zuwa karo na biyu ke kashe shi, daga nan sai gaba ta maye gurbin wasa. Ya ce in sun je ba ni, mutane goma ne za su biya abin da mutum ɗaya ya yi, bayansu kuma masu jakuna da mata masu kai nono. In na je, aƙalla an san wanda ake nema.

"Baba, wato kai ni za ka yi su yanka," na ce.

"Tare za mu je, mushe," ya ce, don haka ake kiran malamin lakwal. "Inda ka sa ƙafa nan zan sa tawa."

Kwana uku kafin tafiya sai ga mahaifiyata daga Sasumburum. Labari ya kai mata, ta biyo motar kasuwa ta ƙarasa a ƙafa. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce ba da yawunta ba, ita ba ta haife ni don mahauta ba. Ban yi mata musu ba, don a raina na ji sanyi, na samu mafaka. Na aika aka gaya wa tsohon soja. Ya zo bayan azahar ya zauna daga bakin ƙofa, suka daɗe suna magana, ni ina waje. Ban ji duk abin da suka ce ba. Na dai ji ta tambaye shi ko a cikinmu akwai wanda ya je duba yaron tun da aka karya shi, ko ya aika da gaisuwa. Tsohon ya ce babu wanda ya je.

Ta kira ni. Ta ce ita ba ta san ƙwallo ba, amma ta san in saniyarka ta shiga gonar mutum ba ka jira ya same ka a kasuwa. Ta ce ta janye haninta bisa sharaɗi ɗaya: kafin in taka filinsu in fara taka zauren uban yaron. In sun kore ni, in dawo gida ba wasa. Washegari ta shiga kasuwa ta samo man shanu mai kyau cikin ƙaramar ƙwarya, ta ce a shafa wa ɗori, ta ɗaure da tsumma ta ba ni. Kaftin da ya ji ya ce wannan ai amsa laifi ne, za mu je mu durƙusa wa mutanen da suka jefe mu.

Mun tashi da hantsi cikin kamiyo, babbar motar wani ɗan kasuwar gyaɗa. Mutum goma sha uku ne da tsohon, ba makaɗi ba mai rakiya. A bakin iyaka 'yan duwan namu, masu binciken kaya, suka ɗaga mana hannu, ɗaya ya ce Allah Ya maido mu. Na can suka sauke mu suka ƙirga, suka duba takardar kumanda suna juya ta don ba su iya karanta ta ba. Wani kurtu ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina, ya dubi hannuwana, ya yi murmushi.

Da muka shiga garin ba wanda ya jefe mu. Da an yi jifa da na fi samun sauƙi. Mutane na tsaye a ƙofofin gidaje da bakin rumfuna suna kallon motar, ba gaisuwa ba zagi. Aka sauke mu a wata makaranta kusa da fili. Tsohon soja ya ce wa sauran kada kowa ya fita, ya ɗauki sandarsa, ni na ɗauki ƙwarya, muka kama hanya.

Tafiyar ba ta da nisa amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Lungu ne bayan lungu. Tun muna jin takun mutum biyu uku a bayanmu har ya zama ba a ƙirgawa. Tsohon ya ce kada in waiga, kada in yi sauri. Shi yana gaba yana yi wa kowa sallama, ko an amsa ko ba a amsa ba. Ƙwaryar tana zamewa a hannuna don gumi. Mun san mun iso da muka ga fatu a shanye kan katanga da ungulaye a bisa rufi.

Uban yana zaure, dattijo ne kakkaura mai farin gemu. Yayye biyu suna tsaye, ɗaya ya fito ke nan daga wajen aiki, wuƙa tana ɗamararsa, hannunsa bai bushe ba. Tsohon soja ya yi sallama, aka daɗe kafin dattijon ya amsa. Muka durƙusa. Tsohon ya faɗi ko mu su wane ne, ko da yake ba wanda bai sani ba, ya nuna ni ya ce uwar yaron nan ce ta aiko shi ya duba ɗan'uwansa, ga kuma saƙonta. Na tura ƙwaryar gaba. Ba wanda ya taɓa ta.

Dattijon ya ce a shiga da ni.

Mai lamba tara yana kwance a wani ɗan ɗaki kan tabarma, an jera karare a ƙafar an ɗaɗɗaure da tsumma tun daga gwiwa har idon sawu. Ya rame ƙwarai, wuyansa ya yi tsawo. Ɗakin na warin magani da hayaƙi. Na gaishe shi da jiki bai amsa ba. Babban wansa, mai wuƙar nan, yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," ya ce daga kwance. "Da gangan ka yi?"

Kwana goma sha huɗu ina shirya amsar nan, cewa tsautsayi ne, balo na nufa. Da na dubi ƙafar sai na kasa faɗinta.

"Ban nufi in karya ka ba," na ce. "Amma na nufi kada ka wuce ni ko ta wane hali. Dafa kaina da ka yi ya tsaya mini a rai. Na rufe ido na faɗo maka."

Ya dube ni. Sannan ya juya fuskarsa ga bango. Na roƙe shi gafara sau biyu, bai juyo ba. Wan ya taɓa kafaɗata da yatsa ɗaya, na tashi na fita.

A zaure dattijon ya tambayi babban ɗansa abin da na ce, ya maimaita masa kalma da kalma. Dattijon ya sunkuyar da kai yana jan gemu. Can ya miƙa hannu ya jawo ƙwaryar, ya kwance tsumman, ya shinshina, ya ce a kai ciki. Ya ce wa tsohon soja yafiya ba tasa ba ce, ta mai ƙafa ce, ba kuma zai tilasta masa ba. Amma wanda ya shigo zaurensa da saƙon uwa ba za a zubar da jininsa a garin nan ba yau. Ya dubi babban ɗan ya ce ya ajiye wuƙa ya ɗauki sanda, ya je ya tsaya bayan turakun baƙon nan har a tashi. Ɗan ya buɗe baki zai yi magana, uban ya ɗaga masa hannu. Ya zare wuƙar ya jefar a ƙasa da ƙarfi har ta yi tsalle.

Haka na shiga fili. Filinsu na da raga, abin da ban saba da shi ba, kuma jama'a sun matso har suna taɓa ta. Taku uku a bayana ga mutumin nan tsaye da gora mai kan ƙarfe, bai kalli wasa ba, ƙeyata yake kallo. Ni kaɗai da tsohon soja muka san abin da ubansa ya ce. Sauran jama'a da suka gan shi a nan sai suka ɗauka ranar ramuwa ce ta zo, suka yi ta yi masa kirari suna cewa ya bari sai an tashi. Ni ma kaina ban tabbata ba. Na ga yadda ya jefar da wuƙar.

Alƙalin wasa namu ne bisa yarjejeniya, wani ma'aikacin gidan waya daga Magarya, kuma tun busar farko aka ga tsoro ya kama shi. Duk balon da ta zo sama sai na ji gwiwa a haƙarƙarina ko gwiwar hannu a wuya, shi kuwa sai ya dubi wani wuri. Suka ci ɗaya da wuri. Maƙerinmu ya rama da ka kafin hutu, fili ya yi tsit, har ana jin kukan awaki daga cikin gari. Da aka juya na koma ɗaya gefen, mutumin ya taka a hankali ya kewayo ya sake tsayawa a bayana.

Ana tsakiyar zagaye na biyu ɗan wasansu ya faɗi a gabana ba wanda ya taɓa shi. Jama'a suka yi ruri, alƙali ya busa fenariti. Ɗaya daga cikin masu tsaronmu ya matso kamar zai gyara mini riga, ya ce a hankali in bar ta ta wuce, mu koma gida da ranmu. Na ce to. Har ga Allah na yi niyyar bari. Amma da mai bugun ya taho na ga inda ya karkata kafaɗa, jikina ya tafi da kansa kafin in yi shawara da shi. Na ji balo ta daki tafin hannuna ta fita waje.

Ina kwance na ji ƙasa na rawa. Ragar ta yo ciki da nauyin mutane, turke ɗaya ya karkace. Wani dutse ya sauka kusa da kunnena. Na ɗaga kai na ga wani saurayi ya tsallako da guntun itace, ya ɗaga shi sama. Sai gora ta sauka a kafaɗarsa, itacen ya faɗi. Mahaucin ya shigo ya tsaya a kaina, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya ja layi a ƙasa da kan gorar.

"Tsohona ya ce ba yau ba," ya ce, bai ko ɗaga murya sosai ba. "Ƙanena ne aka karya, ba na wani ba. Wanda ya fi ni jin zafi ya tsallako."

Ba wanda ya tsallaka. Aka yi ta gunaguni ana ja da baya. Dattawa da 'yan doka biyu suka shigo suka kora mutane, aka miƙe turken. Shi kuwa bai miƙo mini hannu ba, bai dube ni ba, ya koma inda yake.

Saura kaɗan a tashi suka samu kwana, wato bugun kusurwa. Na yi tsalle na kama, aka ture ni na faɗi, balo ta kuɓuce. Ina miƙa hannu in jawo ta wani ya sauke takalmi mai haƙora a kan yatsuna, ya murza. Wani ya tura ta raga. Alƙali ya nuna tsakiya da sauri, bai jima ba ya busa tashi, ina jin ko lokaci bai cika ba. Biyu da ɗaya. Ina riƙe da hannuna, yatsu biyu sun juya baya, amma abin da na ji a raina sauƙi ne, har na ji kunyar kaina.

Murna ta ɗauke musu hankali daga kanmu. Sun ɗaga kofin sun yi cikin gari da kiɗa, na ji an ce gidan mahautan suka nufa da shi. An dafa mana shinkafa a makarantar bisa al'ada, tsohon soja ya ce sai mun ci ko loma bibbiyu ce, kada a ce mun ƙi abincinsu. Muka ci a tsaye. Mahaucin ya raka mu har bakin mota, yana nesa kaɗan. Da zan hau na ce masa na gode. Ya ce ba don ni ya yi ba, ya juya.

Mun tsallaka iyaka rana ba ta faɗi ba. Malamin asibiti ya ja yatsun ya ɗaure su da 'yan sanduna, ɗaya ya gyaru, ƙaramin bai sake miƙewa daidai ba. Mahaifiyata ta duba hannun, ta tambaye ni ko an karɓi man, na ce an karɓa, ta ce to, washegari ta koma Sasumburum. Wata guda ina rubutu a allo da hagu, yara na dariyar baƙaƙena. Kaftin ya yi kusan wata biyu ba ya yi mini magana, wai na je na ba da kai shi ya sa aka raina mu.

Mai lamba tara ya tashi bayan watanni, yana ɗingishi, bai sake buga ƙwallo ba. Na aika masa da gaisuwa sau biyu ta hannun masu jakuna, sun ce sun isar, amsa ba ta zo ba. Kofin kuwa an sake yin sa shekara biyu a jere, har aka ƙara ƙungiyoyi, kafin ciwon ƙafa ya kwantar da tsohon soja a rasa mai hawa keke ya kai takarda. Ban buga ko ɗaya ba, don da aka koma hutu aka mayar da ni wata ƙaramar lakwal a yankin Ɗancawo, inda ba ƙungiya, sai aji biyu na zana da rijiya mai nisa.